Gani Ya Kori Ji: Rarrabe Ilmin Gona Na Gaskiya Da Na Jabu

'Yan'uwa manoma, kowace shekara da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu talla su ma sai su fara haɗuwa a kasuwanninmu. Wannan ya zo da kwalbar ruwa wadda ya ce murfi ɗaya nata ya fi buhun taki. Wancan ya zo da gari a ƙulle cikin leda, ya ce in an cuɗa shi da iri wuta-wuta ba za ta ƙara tsirowa a gonar ba har abada. A 'yan shekarun nan har ta wayar hannu ake aiko mana da irin waɗannan labarai. Kusan dukansu kuwa da sunan kimiyya suke zuwa. Za ka ji an ce "masana sun tabbatar," ko "an gwada shi a Turai." Kalmar kimiyya ta zama kamar hatimi, wanda duk ya buga ta a kan kayansa sai a yi masa shiru.

Abin ba na wasa ba ne, domin kuɗin ƙungiya kuɗin gumi ne, damina kuma sau ɗaya take zuwa a shekara. Wanda aka ruɗe shi a watan Yuni, sai watan Oktoba zai gane, sa'an nan kuwa ba gyara. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wata babbar ƙasa wadda aka ruɗe ta gaba ɗayanta har shekara talatin, da yadda aka yi hakan ta faru. A cikin labarin nan za a ga alamun ilmin jabu a fili, fiye da yadda za mu iya zana su da baki.

Mutumin da ya jiƙa alkama

Sunansa Turofim Lisenko. An haife shi a 1898 a ƙasar Yukren, wadda a zamanin aikinsa take cikin Tarayyar Sobiyet. Ɗan manoma ne, ya yi makarantar aikin gona, aka tura shi wata tashar gwaji. A ƙasashen sanyi akwai alkama iri biyu. Ɗaya ana shuka ta kafin hunturu, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sa'an nan ta yi kai in ɗumi ya dawo. Ɗayar kuwa sai ƙanƙara ta narke ake shuka ta. Ta farkon ba ta fid da kai sai ta sha sanyi. A 1928 Lisenko ya ba da labari cewa in an jiƙa irin alkamar hunturu har ya fara kumbura, aka ajiye shi cikin sanyi na wasu makonni, to, ana iya shuka shi bayan hunturu ya kuma yi kai.

A nan sai a lura ƙwarai, domin wannan magana gaskiya ce. Ba ma shi ya fara gano ta ba, masana a Amurka da Jamus sun riga shi. Ilmin jabu ba safai yake fara da ƙarya tsagwaronta ba. Yakan ɗauki 'yar gaskiya guda ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Kayan da Lisenko ya ɗora kuwa biyu ne. Na farko ya ce wannan dabara za ta ƙara amfanin gona ƙwarai a duk faɗin ƙasa. Na biyu ya ce halin da iri ya koya ta wurin jiƙo da sanyi, 'ya'yansa za su gāje shi, watau ana iya horar da tsiro kamar yadda ake horar da ɗan maraƙi ya ja garma, jikokinsa kuma su tashi a hore.

Mece ce shaidarsa? A 1929 mahaifinsa ya jiƙa iri ya binne cikin ƙanƙara, ya shuka a gonarsa, alkama ta yi kyau. Gona ɗaya, shekara ɗaya. Jaridu suka ɗauka. Lokacin kuwa gwamnati ta ƙwace gonakin talakawa ta haɗa su cikin manyan gandaye da ƙarfin tsiya, noma ya lalace, har aka yi mummunar yunwa a 1932 da 1933. Ba Lisenko ya jawo wannan yunwa ba, dole a faɗi gaskiya. Amma ita ce ta buɗe masa ƙofa, domin shugabanni suna neman wanda zai yi musu alkawarin hatsi da sauri ba tare da kashe kuɗi ba. Masanan ƙwarai suna cewa samar da sabon iri yakan ci shekara goma ko fi. Lisenko ya ce shi zai yi a cikin biyu ko uku. Wa kuke tsammani aka saurara?

Aka ba da umurni gandaye su riƙa jiƙa iri. Yadda aka tattara sakamakon kuwa shi ne abin mamaki. Aka rarraba wa shugabannin gandaye takardun tambayoyi, su cika su faɗi yawan ƙarin da suka samu. To, a ƙasar da mutum zai iya rasa aikinsa ko ransa in ya ce dabarar da gwamnati ke so ba ta yi ba, me zai rubuta? Waɗanda suka ga ƙari suka aiko. Waɗanda irinsu ya ruɓe, da yawa suka yi gum. Lisenko ya tara amsoshi masu daɗi ya kira su hujja.

Akwai wani masanin gona mai suna Kwanstantinof wanda bai yarda da takardun tambayoyi ba. Ya tattara sakamakon gwaji na shekara biyar daga tashoshi fiye da 50, inda aka shuka jiƙaƙƙen iri kusa da wanda ba a jiƙa ba, aka auna duka biyu a sikeli. A 1936 ya bayyana abin da aka samu: in an haɗa duka an raba, bambancin bai wuce kilo 4 a hekta ba, hekta kuwa eka biyu da rabi ce. Kilo 4 bai kai tiya biyu ba. Wasu wurare an sami ƙari, wasu an sami ragi, kamar yadda gonaki suka saba yi ko ba a yi musu kome ba. Har ila yau jiƙon yana yaɗa cutar nan mai baƙanta kan hatsi, 'yar'uwar burtuntunar da muka sani a dawa. Lisenko bai kawo nasa awon ya ƙaryata wannan ba. Hanyarsa dabam ce. Tun 1935, a wani babban taro a Mosko, ya kwatanta masanan da ke musu da shi da maƙiyan talakawa masu yi wa ƙasa zagon ƙasa, Istalin kuwa ya jinjina masa a gaban jama'a. Daga ranar nan, wanda ya tambayi Lisenko shaida ya san da wa yake ja.

Mai ƙirga wake

Domin a ga bambanci, sai mu koma baya kaɗan. Ilmin da Lisenko ya tashi rushewa, watau ilmin gadon halitta, tushensa yana wurin wani limamin Kirista mai suna Giregwa Mendel, wanda ya zauna a gidan sufaye a birnin Burno, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka wajen tushe 28,000 na wani irin waken Turai a lambun gidan. Yana haɗa auren mai santsin ƙwaya da mai yamutsattsiya, ko mai rawaya da mai kore, ya jira 'ya'ya, ya jira jikoki, ya zauna ya ƙirga su ɗaya ɗaya. A jikoki ya sami ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamutsewa. A wajen launi ya sami 6,022 rawaya da 2,001 kore. Kowane ɗaya in an raba, uku ne bisa ɗaya. Ya buga lissafinsa duka a 1866, har da yadda ya yi aikin, domin duk mai shakka ya shuka nasa waken ya ƙirga. Ba wanda ya kula da shi sai a 1900, bayan ya mutu da shekara 16, sa'ad da waɗansu masana a ƙasashe dabam dabam suka yi irin gwajinsa suka sami abin da ya samu.

Ku dubi wannan, ku dubi na Lisenko. Sa'ad da ya ce ya mai da alkamar hunturu ta zama ta bayan hunturu har zuriyarta, gwajin nasa a kan tushe ɗaya tak ya tsaya. Daga baya ma mabiyansa suka riƙa ba da labari cewa alkama ta rikiɗe ta haifi wani hatsi dabam a cikin zangarniyarta. Kowane manomi ya san amsar wannan. In ka shuka farar dawa ka ga ja ta fito a tsakiya, ba rikiɗa ta yi ba, ko dai irin ya gauraya a masussuka, ko iska ta kawo garin furen gonar maƙwabci a bara. Haka shibra take shiga gero, ta wurin barbara da geron daji da kuma ƙwayar da ta zube a ƙasa. Mai neman gaskiya zai fara kawar da wannan bayani mai sauƙi tukuna, ya tsabtace irinsa, ya rufe kan hatsin, ya sāke gwadawa. Mai neman suna kuwa sai ya ruga wurin ɗan jarida.

Wani abu ya faru da ya kamata a riƙa tunawa. Wata ɗalibar Lisenko ta shuka wake ta ƙirga domin ta nuna lissafin Mendel ƙarya ne, ta buga alkalumanta. A 1940 wani shahararren masanin lissafi na Rasha, Kolmogorof, ya ɗauki alkaluman nan nata ya bi su da kyau, ya nuna cewa ai sun gaskata Mendel ne sarai. Amsar Lisenko ita ce, masu nazarin halitta ba ruwansu da lissafi. A ganinmu wannan ita ce babbar alama a cikin dukan labarin. Mutumin da ya ƙi sikeli, ya riga ya gaya maka nauyin kayansa.

Abin da aka biya

Babban masanin tsirrai na ƙasar a lokacin shi ne Nikolai Babilof. Ya yi yawo a nahiyoyi biyar yana tara iri, har ya zo Habasha a 1927 ya ɗebi alkama da dawa da sha'ir. Ma'ajiyar da ya kafa a Leningirad ta tara samfurin iri fiye da 200,000, ba ta da na biyu a duniya a zamanin. Da fari ya taimaki Lisenko, ya ga yaro ne mai ƙwazo. Da ya ga inda abin ya dosa, sai ya tsaya a kan cewa a gwada, a ƙirga. A 1938 aka naɗa Lisenko shugaban majalisar binciken aikin gona ta ƙasa duka. A watan Agusta 1940 aka kama Babilof yana cikin tara iri a yammacin Yukren. Ya mutu a kurkukun Saratof a watan Janairu 1943, yunwa ce ta kashe shi, mutumin da ya ba da ransa ga neman abinci domin jama'a.

Ma'aikatansa ba su watsar da amanar ba. Sa'ad da sojojin Jamus suka kewaye Leningirad daga 1941 zuwa 1944, mutane suna mutuwa a titi saboda yunwa, suka tsare ma'ajiyar nan daga ɓeraye da sanyi da ɓarayi. Aƙalla tara daga cikinsu suka mutu da yunwa a tsakiyar shinkafa da alkama da dankalin da ba su taɓa ba. Ɗaya daga cikinsu mai kula da irin gyaɗa ne, a kan teburinsa aka same shi. Ma'ajiyar tana nan har yau, tana ɗauke da sunan Babilof.

A watan Agusta 1948 aka yi taro inda Lisenko ya sanar cewa jam'iyya mai mulki ta amince da koyarwarsa. Aka hana koyar da ilmin Mendel a makarantu, aka kori dubban malamai da masu bincike daga aiki. Daga nan ba mai tsawata masa. Ya koyar cewa tsirrai 'yan iri ɗaya ba sa gasa da juna, sai dai su taimaki juna, har raunana su mutu da son ransu domin ƙarfafa su rayu. Bisa ga wannan aka shuka 'ya'yan itatuwa cunkus a rami ɗaya a cikin babban shirin dasa itatuwan tare iska da aka fara a 1948, kaso mai yawa kuwa suka mutu. Yaron da ya taɓa bin uwarsa gona ragin gero ya san in an bar goma a rami ɗaya ba wanda zai yi zangarniyar kirki. Ya kuma yi gāba da masarar aure, wadda manoman Amurka suka rungume ta tun shekarun 1930 ta ƙara musu amfani ƙwarai. Ƙarshenta sai da shugaba Kurushof ya sayi irin masarar nan daga hannun wani manomin Amurka a shekarun 1950.

Koyarwar ta ƙetare iyaka. A ƙasar Sin, daga 1958, aka umurci manoma su yi shuka a cunkushe su kuma yi kaftu mai zurfin gaske, jami'ai suna aika rahoton amfanin da babu shi, gwamnati tana karɓar hatsi bisa ga rahoton. Yunwar da ta biyo daga 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin mutane masu yawa. Dalilanta suna da yawa, siyasa ce kan gaba, amma shawarar gona ta jabu tana cikinsu.

Sai bayan an sauke Kurushof a 1964 aka sami bakin magana. A 1965 aka tuɓe Lisenko daga shugabancin cibiyarsa, aka tura kwamiti ya binciki gonar gwajinsa kusa da Mosko. Suka buɗe littattafai, suka auna, suka tarar alkaluman da ake ta yaɗawa ba su yi daidai da abin da ke ƙasa ba. Ya mutu a 1976. A zamanin nan akan ji waɗansu suna cewa ashe yana da gaskiya, tun da an gano cewa yanayi yana iya kunna ko kashe aikin ƙwayoyin gado. Lalle an gano haka, an ma gano yadda sanyi ke kashe aikin wata ƙwayar gado mai hana tsiro yin fure. Amma binciken nan ya nuna cewa tunawa da sanyin tana gogewa a cikin sabon iri, ɗa sai ya sha nasa hunturun. Wannan kuwa kishiyar abin da Lisenko ya koyar ne.

Ba wai masana ba sa kuskure ba

Kada wani ya ɗauka muna cewa duk abin da ya fito daga bakin mai farar riga gaskiya ne, na tsoffinmu kuma camfi ne. Ko kaɗan. Maganin ƙwari na DDT, wanda ya gano ƙarfinsa an ba shi babbar lambar yabo ta Nobel a 1948. Daga baya aka ga ƙwari suna sabawa da shi, yana kuma taruwa a jikin kifi da tsuntsaye da mutane. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972, ƙasashen duniya kuma suka ɗaure shi da yarjejeniya a 2001. Su wa suka tona illarsa? Masana ne, da awo da ƙirga. Ilmin gaskiya yakan yi kuskure, amma yana da hanyar kama kansa. Wani masani mai suna Kal Fofa ya bayyana wannan a 1934, ya nuna cewa magana ba ta shiga sahun kimiyya sai in akwai abin da, in ya faru, zai ƙaryata ta. Don haka tambayar da ta fi kowace amfani a gaban mai talla ita ce: "Malam, me za mu gani a gona da zai nuna maganin nan bai yi aiki ba?" In ya ce in an sami amfani maganin ne, in ba a samu ba kuwa ku ne ba ku bi ƙa'ida ba, ko ƙasarku ce ba ta karɓa ba, to, ya toshe kowace ƙofa. Maganar da ba ta iya faɗuwa jarrabawa, ba ta ci jarrabawa ba.

A ɗaya gefen kuma, abubuwa da yawa da kakanninmu suka sani sun shiga sikeli sun fito da nauyinsu. Sun ce gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, aka auna a ƙasashen Sahel aka tarar haka ne, aka kuma gano dalili: gawo yana zub da ganye da damina, ba ya tare rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. A 1959 wani masani Bajamushe ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kome ta bar dogon yaro, daga baya aka fid da sinadarin da ke hana ƙwari cinsa. Buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara aikinsa tare da abokansu a Marwa ta Kamaru, da aka tashi yaɗa shi daga 2007 ba a ce wa kowa ya gaskata da baki ba. Aka ɗaure waken mutanen gari a gabansu, bayan watanni aka tara jama'a aka kwance, kowa ya sa hannu ya duba. An kuma faɗi yadda yake aiki, watau iska ce ke ƙare wa ƙwarin a ciki, an faɗi abin da zai ɓata shi, watau huda ko sakin ɗauri. Mai gaskiya ba ya jin tsoron gaya maka inda kayansa ba sa aiki.

Gwajin da ƙungiya za ta iya yi

Hanyar gwajin gona da ake bi yau a Samaru, wadda take aiki tun shekarun 1920, da sauran tashoshin bincike, ta samo asali ne daga wata gona a Ingila mai suna Rotamsted. Tun 1843 ake shuka alkama a fili ɗaya can, wani yanki da takin gargajiya, wani da na zamani, wani ba kome, ana aunawa kowace shekara har yau. A 1919 suka ɗauki wani masanin lissafi, Ronal Fisha, shi ya tsara ƙa'idar maimaita gwaji da rarraba fegi ta hanyar ƙuri'a. Ba abin da ke cikin ƙa'idar nan da ya fi ƙarfin ƙungiya mai igiya da sikeli da littafi.

A ce an kawo muku ruwan kwalba. Kada ku saya wa kowa da kowa, ku sayi ɗaya. Ku zaɓi gona wadda ƙasarta ta yi kusan daidai, ku yanka fegi takwas masu girma ɗaya, alal misali kunya shida shida masu tsawon taki ashirin. Huɗu za a sa musu maganin, huɗu ba za a sa ba. Waɗannan na biyun muna kiransu fegin shaida, in babu su kuwa ba gwaji aka yi ba. Mutum yakan ce, "Na sa magani bana na sami dami arba'in, bara talatin na samu." To, ruwan bana da na bara ɗaya ne? Ranar shuka ɗaya ce? Fegin shaida ne kaɗai zai gaya maka abin da gonar za ta yi da ba a sa kome ba.

Wane fegi zai sami magani? Kada shugaba ya zaɓa, kada malamin gona ya zaɓa, balle mai talla. A rubuta lambobi a takarda a zuba cikin hula, yaro ya ɗebo huɗu. Dalili shi ne, kowace gona tana da gefen da ya fi, wurin tsohon mashekari, ko gindin suri, ko inda ruwa ke kwanciya, hannun mutum kuma yakan kai abin da yake so wuri mai kyau ko bai yi niyya ba. Mai talla da ya ce zai yi muku gonar nuni a bakin hanya, ku lura da inda ya kafa allonsa, sau da yawa tsohon juji ne. Maimaitawa sau huɗu kuma tana kāre ku daga tsautsayi, kamar akuya ta shiga fegi ɗaya, ko gara ta ci wani.

Sauran aiki duka ya zama ɗaya: iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, taki ɗaya, noma da maimai rana ɗaya. Nan ne dabarar masu wayo take. Za a ba ka kwalba a ce sai ka sa taki buhu kaza, ka yi noma sau uku, ka yi ragi da wuri. Gona ta yi kyau, kwalba ta sha yabo, alhali taki da fartanya ne suka yi aikin. In takardar maganin ta ce a yi wani abu, a yi wa fegin shaida shi ma, a hana shi maganin kaɗai.

Tun kafin shuka, magatakarda ya rubuta a littafin ƙungiya abin da mai kayan ya yi alkawari, da bakinsa, da adadi. In ya ce ninki biyu, a rubuta ninki biyu. Da kaka kada a dogara ga ido. Ganye mai duhu ba shi ne hatsi ba, akwai abubuwan da ke sa tsiro ya yi kore shar ba tare da ƙara ƙwaya ba. A bar kunyar gefe ta kowane fegi, a girbe na tsakiya, a shanya su bushe daidai, a sussuke kowane fegi dabam, a auna. Zai fi kyau wanda ke riƙe da sikeli kada ya san buhun da ya fito daga fegin magani, a sa lamba kawai a jikin buhu.

Sa'an nan a dubi alkaluman da hankali. A ce fegin shaida sun ba da kilo 18, 23, 20 da 25, na magani kuma 22, 19, 26 da 21. Jimlar farko 86, ta biyu 88. Mai talla zai ce ga ƙari nan. Amma tsakanin fegin shaida kansu akwai tazarar kilo 7, ba a kuwa sa musu kome ba, saboda haka kilo 2 a jimla ba ya nuna kome. In kuwa kowane fegin magani ya ɗara kowane fegin shaida, to, akwai magana, sai a sāke gwadawa baɗi, domin abin da ya yi a shekarar ruwa ba lalle ya yi a shekarar fari ba. In ƙungiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya suka yi gwajin tare, a jigawa da laka, suka kawo littattafansu taron shekara, har da waɗanda ba su ga ƙari ba, abin da za a sani a damina ɗaya zai fi na ƙungiya ɗaya a damina uku.

Lissafi na ƙarshe na ma'aji ne. A ɗauki ƙarin da aka samu a eka, a buga shi da farashin hatsi na lokacin kaka, ba na bazara ba, a cire kuɗin maganin da na fesawa da na motar zuwa sayensa. A kuma duba jikin kwalbar ko akwai lambar rajistar hukuma, da sunan abin da ke ciki, da ranar lalacewa. Wadda ba ta da waɗannan, ko a fegin gwaji kada a zuba ta a kan abin da za a ci.